Yadda Ake Zaɓa da Ɗura Harsashi Marar Dalma Don Farautar Barewa

A shekarar 2008 wani likita a jihar Dakota ta Arewa da ke Amurka, William Cornatzer, ya tattara ƙunshin niƙaƙƙen naman barewa da mafarauta suka bayar sadaka ga wuraren ciyar da mabuƙata, ya saka su a na'urar ɗaukar hoton asibiti. Fiye da rabinsu sun fito da ɓurɓushin ƙarfe a ciki. A wannan shekarar dai hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minnesota ta yi nata gwajin, ta tarar cewa ɓurɓushin dalma kan yi tafiyar da ta kai inci 18 daga inda harsashi ya bi. Ido ba ya ganinsa, haƙori ba ya jinsa. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa ƙananan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan dalilin da zai sa magidanci ya ƙi kai irin wannan nama gida.

Tsuntsaye ma suna kwasar nasu kason. Mafarauci ya feɗe barewa a daji, ya bar kayan ciki, gaggafa da ungulu su sauka su ci har da dalmar da ke ciki. Wannan ne ya sa tsibirin Hokkaido na Japan ya hana harbin barewa da harsashin dalma tun 2000. Jihar Kalifoniya ta fara hanawa a yankin babbar ungulun nan ta kondo a 2008, sannan daga 1 ga Yuli 2019 ta hana a duk faɗin jihar. Denmak ta bi sahu ga bindigogin farauta daga Afrilun 2024. Jihar Arizona kuwa hanyar lalama ta bi, tun 2005 take raba wa mafarautan tsaunin Kaibab harsashi marar dalma kyauta, kuma mafi yawansu sun karɓa.

Wannan bayani na wanda ke zaune a ƙasar da doka ta yarda mutum ya ɗura harsashinsa ne, wato ya haɗa shi da kansa, kamar Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai. A Jamus sai an ci jarrabawa an karɓi takardar izinin riƙe albarushi. A Najeriya dokar bindigogi ta haramta wa mutum ya haɗa harsashi a gida, don haka mai karatu daga can ya ɗauke shi a matsayin ilimi kawai. Kuma a kiyaye: albarushi marar hayaƙi da ake magana a nan ba shi da wata dangantaka da baƙin albarushin bindigar toka. Duk wanda ya zuba shi a bindigar toka, a hannunsa za ta fashe.

Abin da ya bambanta ƙwayar jan ƙarfe

Wanda ya fahimci wannan sashe, sauran aikin zai zo masa da sauƙi.

Ƙwayar harsashi, wato ɓangaren da ke fita daga bakin bindiga, ta gargajiya dalma ce a ciki, an lulluɓe ta da siririyar rigar jan ƙarfe. Dalma tana da laushi, ko da gudu ya ragu tana baje kai idan ta bugi nama, tana kuma zubar da wani kaso na jikinta a hanya. Ƙwaya marar dalma kuwa gaba ɗayanta jan ƙarfe ce, ko kuma haɗin jan ƙarfe kashi 95 da tutiya kashi 5. An huda mata rami a kai. Idan ta shiga jikin dabba, ruwan jiki ya cika ramin da ƙarfi, kan ya tsage ya nannaɗe baya, ta ci gaba da ratsawa. Yawanci takan fito da kashi 95 ko fiye na nauyinta. Kamfanin Barnes na jihar Utah ne ya fito da irinta kasuwa a 1989, a ƙarƙashin Randy Brooks, da sunan X.

Abu biyu suka biyo bayan wannan. Na farko, jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba: ƙaramin dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri na dalma giram 11.3 ne, na jan ƙarfe kuwa bai cika giram 9 ba. Saboda haka ƙwayar jan ƙarfe mai giren 150 (giren ma'aunin nauyi ne) ta fi ta dalma mai giren 150 tsawo sosai. Na biyu, jan ƙarfe yana da tauri, ba ya buɗewa sai da gudu. Kamfanoni da yawa sukan ce ƙwayarsu tana buɗewa daga gudun ƙafa 1,800 zuwa 2,000 a daƙiƙa. A ƙasan wannan iyaka, kai ɗan buɗewa kawai yake yi, ƙwaya ta ratsa dabba ta bar siririn rami, barewa ta gudu ta je ta mutu inda ba za ka gan ta ba. Ni a ganina ƙafa 2,000 a daƙiƙa, wato kusan mita 610, ita ce mafi ƙanƙantar iyaka, kuma wanda ya tsaya a 2,200 ya fi kyauta wa dabbar. Mafi yawan masu cewa jan ƙarfe ba ya kisa, idan ka bincika, ƙwaya mai nauyi suka zaɓa, ta fita da sanyin gudu, suka kuma harba daga nesa.

Zaɓen nauyi da irin ƙwaya

Fara da sauka mataki ɗaya ko biyu daga nauyin da ka saba. Giren shi ne ma'aunin masu wannan sana'a, giren 7,000 ke yin laba ɗaya. Mai bindigar da ke cin harsashi samfurin .30-06 da ya saba da giren 180 ya koma 150 ko 165. Mai .308 Winchester da ya saba da 165 ya gwada 150, har ma 130, wadda ke iya fita da gudun da ya kai ƙafa 3,000 kuma ta wadatar da kowace barewa mai farar wutsiya. Mai .270 Winchester zai sami biyan buƙata a 110 zuwa 130, mai 6.5 Creedmoor a 120 zuwa 127, mai .243 Winchester a 80 ko 85. Kada ka ji tsoron cewa ƙwayar ta yi sauƙi. Tun da ba ta zubar da jikinta, mai giren 130 za ta fito ɗaya gefen da nauyin da ya fi abin da zai rage na mai dalma giren 165.

Sai batun murɗi. A cikin bututun bindiga akwai layuka da aka sassaƙa a murɗe, su ke sa ƙwaya juyawa. Kamar katantanwar da yara ke murzawa ce: idan juyin ya yi ƙarfi ta tsaya cak, idan ya yi rauni ta fara layi. Doguwar ƙwaya ta fi gajera buƙatar juyi mai sauri, kuma tsawo ake dubawa a nan, ba nauyi ba. Idan an rubuta 1:10, ana nufin ƙwaya tana cika juyi ɗaya a cikin inci 10. Don ka san na bindigarka, ɗaura tsumma mai matsewa a sandar wanke bututu, ka yi wa sandar alama, ka tura a hankali har alamar ta zagayo inda ta fara, ka auna tsawon da sandar ta shiga. Daga nan ka duba kwalin ƙwaya ko shafin kamfanin, domin sukan rubuta murɗin da kowace ƙwaya ke buƙata. Tsofaffin .308 da yawa 1:12 ne, sun fi shiri da 130 da 150. Matsalar ta fi fitowa fili a .243, wadda galibi 1:10 ce, ba ta iya riƙe ƙwayar jan ƙarfe mai giren 100. A Sikotilan doka ta daɗe tana cewa sai da giren 100 za a harbi manyan barewa, har sai a 2023 da aka sauke shi zuwa 80 domin a buɗe wa jan ƙarfe hanya. Idan ka ga ramin da ke jikin takardar saiti ya fito a karkace maimakon zagaye, murɗinka bai isa ba, kuma babu wani albarushi da zai gyara wannan. Sauya ƙwaya.

Ƙwayoyin da ke kasuwa iri biyu ne a dunƙule. Akwai masu buɗewa su riƙe jikinsu, kamar TSX da TTSX da LRX na Barnes, CX na Hornady wanda ya gaji GMX, E-Tip na Nosler, da Naturalis na Lapua. Akwai kuma waɗanda aka yi su don kan ya karye ya rabu gida-gida a cikin ƙirji, gindin ya wuce, irin na Hammer da Cutting Edge. Na biyun sukan kayar da dabba da sauri, amma za ka riƙa tsintar gutsuren ƙarfe a nama. Ga mai farawa, zan ce ya ɗauki mai buɗewa wadda aka sa wa tsinin roba a kai. Tsinin yana rufe babban rami, yana taimaka wa buɗewa, yana kuma hana kai lanƙwasa a cikin gidan harsasai, inda suke jeruwa a jikin bindiga. Mai farauta a Kalifoniya ya tabbata ƙwayar tana cikin jerin da hukumar kifi da namun daji ta jihar ta amince da shi, inda dalma ba ta wuce kashi 1 cikin ɗari ba.

Wata shawara mai rage kashe kuɗi: kafin ka sayi ƙwaya ɗari biyu, sayi kwali ɗaya na harsashin kamfani mai ɗauke da irinta ka harba. Idan bindigarka ta ƙi ta, ka sani da wuri.

Kayan aiki da littafi

Kana buƙatar injin ɗuri mai hannu ɗaya, da ƙarafan da ake ɗaura masa na girman harsashinka, ɗaya na mayar da kwanso, wato ƙoƙon tagullar da ke riƙe albarushi da ƙwaya, girmansa, ɗaya na dasa ƙwaya. Sai sikelin albarushi da duwatsun gwada shi, ma'aunin tsawo mai karanta kashi ɗaya cikin dubu na inci, abin datse bakin kwanso da na goge kaifinsa, man shafa wa kwanso, abin dasa firaima (maƙyastin gindin kwanso), tiren jera kwanso, tabarau na kare ido, da littafin rubutu. Na'urar auna gudun harsashi mutane kan ɗauke ta a matsayin ƙawa, amma ga jan ƙarfe dole ce, tun da gudu shi ne ran aikin.

Ba zan rubuta nauyin albarushi ko guda a nan ba, kuma da gangan ne. Adadin da za ka zuba daga littafin kamfanin da ya yi ƙwayar zai fito, ko daga bayanan kamfanin albarushi irin su Hodgdon da Vihtavuori, waɗanda aka gwada da na'urar auna matsi. Kuma sai na ainihin ƙwayar da ke hannunka. Adadin da aka rubuta wa ƙwayar dalma mai giren 150 ba na ta jan ƙarfe mai giren 150 ba ne. Ko tsakanin na jan ƙarfe akwai bambanci: Barnes sun yanka wa TSX zobba a jiki don rage gogayya, wasu kuwa jikinsu sumul ne ko zobensu kaɗan, matsinsu yakan tashi da wuri. Iyakar matsin .308 a ma'aunin SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, laba 62,000 ne a kan murabba'in inci ɗaya, kuma wannan yana faruwa ne inci kaɗan daga idonka. Adadin da wani ya rubuta a intanet yana yabon bindigarsa, bar masa abinsa.

Wanke bututu tukuna

Kafin ka harba jan ƙarfe na farko, cire duk dattin da tsofaffin harsasai suka bari. Sa maganin narkar da jan ƙarfe, ka bi umarnin da ke jikin kwalbar, musamman masu sinadarin amoniya da ba a barinsu su daɗe a bututu. Ci gaba da tura tsumma har ya daina fitowa shuɗi. Yi amfani da burushin roba, domin na tagulla shi ma yana rina tsumma, sai ka yi ta wanki ba ƙarewa. Bayan haka harbi biyu ko uku na farko ba a ƙirga su cikin gwaji.

Gyaran kwanso

Tara kwanso na kamfani ɗaya, waɗanda yawan harbin da aka yi da su daidai yake da juna. Kaurin jikin kwanso ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, na soja mai lamba 7.62 yakan fi kauri, cikinsa ya fi matsewa, don haka albarushi ɗaya zai ba da matsi mafi yawa a cikinsa. Wanke su, ka duba kowanne a haske. Wanda wuyansa ya tsage, ko wani zobe mai ƙyalli ya bayyana kusa da gindinsa, matse shi da filaya ka jefar.

A nan akwai abin da mutane ke mantawa. Yawancin firaima, wato ɗan maƙyastin da ke gindin kwanso, ana yinsa da sinadarin dalma. Ƙurar da ke tashi daga injin goge kwanso da baƙin da ke manne a yatsu duk suna ɗauke da ita. Kada ka yi wannan aiki a ɗakin girki ko inda yara ke rarrafe, kada ka ci abinci a kan teburin, kuma ka wanke hannu da sabulu idan ka gama. Ba ma'ana ka cire dalma daga nama sannan ka baza ta a tsakar gida.

Shafa mai kaɗan a jikin kwanso, ban da kafaɗa, don mai a kafaɗa yana lotsa ta. Matsa shi a ƙarfen gyara yadda kafaɗar za ta koma baya da kamar inci 0.002 kacal. Harsashin farauta dole ya shiga mazauninsa a gindin bututu ba gardama, ko da sanyi ya kama yatsu, amma idan ka cika tura kafaɗa baya, kwanso zai riƙa miƙewa har ya rabu biyu. Goge man tas. Auna tsawo: na .308 kada ya wuce inci 2.015, ana datse shi zuwa 2.005. Kwanson da ya yi tsawo yakan maƙure ƙwaya a wuyan mazauni, matsi ya yi sama ba shiri. Goge kaifin baki ciki da waje, na cikin ya fi muhimmanci domin kada ya kankare jikin ƙwaya.

Sa tabarau, ka dasa firaima irin wadda littafi ya ambata. Ta zauna har ƙasan raminta, ta ɗan nutse ƙasa da gindin kwanso kaɗan, yadda idan ka shafa da yatsa za ka ji kwari. Wadda ta shiga ba tare da wata turjiya ba, ramin ya buɗe, kwanson ya gama aiki.

Tazarar ƙwaya daga layuka

Wannan shi ne wurin da jan ƙarfe ya fi saɓa wa abin da masu ɗuri suka saba. Da ƙwayar dalma, mutane kan matso da ita dab da bakin layukan bututu don neman daidaito. Jan ƙarfe ba ya son haka. Saboda taurinsa, yana buƙatar ya ɗan taso da gudu kafin ya ci karo da layukan, in ba haka ba matsi ya yi tsalle. Barnes suna ba da shawarar a fara da tazarar inci 0.050, kusan milimita 1.3, a gwada tsakanin 0.030 da 0.070, har ma fiye. Nosler sun ce a ba E-Tip daga 0.050 zuwa 0.100.

Don ka san inda layukan bindigarka suka fara, akwai ma'auni na musamman da Hornady ke sayarwa. Idan ba ka da shi, ɗauki kwanso marar firaima marar albarushi, ka tsaga wuyansa da siririn zarto yadda ƙwaya za ta zame da ɗan ƙarfi. Ɗora ƙwayar a bakinsa kawai, ka saka a mazauni, ka rufe sakatar bindiga a hankali. Layukan za su tura ƙwayar ciki. Fito da shi a hankali kana tare shi da yatsa, ka auna. Maimaita sau biyar, ka ɗauki adadin da ya fi maimaituwa. Ka auna daga gindin kwanso zuwa kafaɗar ƙwaya, inda take taɓa layuka, ba zuwa tsini ba, saboda tsini yakan bambanta ko a cikin kwali ɗaya. A ce awonka ya ba da inci 2.250, to sai ka dasa a 2.200. Duk lokacin da ka sauya irin ƙwaya, sake wannan awo daga farko.

Sannan gwada ko harsashin yana shiga gidan harsasai. A bindigogi da yawa gidan ne zai yanke hukunci, ya tilasta maka tazarar da ta fi 0.050 nesa ba kusa ba. Kada wannan ya dame ka, jan ƙarfe yakan yi kyau ko da tazarar ta haura 0.100. Abin lura shi ne doguwar ƙwaya idan ta nutse tana cin wurin albarushi. Kada ka gajarta harsashi ƙasa da tsawon da littafi ya yi gwaji da shi ba tare da ka koma adadin farawa ba.

Zuba albarushi da hawa mataki-mataki

Gwangwani ɗaya tak a kan tebur, a cikin mazubinsa na asali. Babu sigari, babu waya, babu hira. Karanta sunan albarushin a gwangwani, ka karanta a littafi, ka sake karantawa, domin akwai masu lamba iri ɗaya amma suna daban, kamar H4350 da IMR 4350, kuma adadinsu ba ɗaya ba ne. Gwada sikeli da dutsensa. Auna kowane zubi ɗaya bayan ɗaya. Harsashin farauta ba shi da yawan da zai sa ka yi gaggawa.

Fara daga adadin farawa da ke littafi, kada ka yi ƙasa da shi, kada ka tsallake shi. Ɗura uku, ƙara giren 0.3 zuwa 0.5, ɗura wasu uku, haka har ka kusa iyakar littafi. Rubuta adadin a jikin kowane kwanso da alƙalami. Kafin ka dasa ƙwaya, haska tocila a kan tiren, ka leƙa kowane kwanso ka ga albarushi yana ciki kuma tsayinsa ya yi daidai da na maƙwabtansa. Kwanson da babu albarushi, firaima kaɗai za ta iya tura ƙwaya ta maƙale a bututu, harbi na gaba ya tarar da ita. Idan ka taɓa jin ƙarar harbi ta yi rauni, tsaya, cire sakata, leƙa bututu.

A filin harbi fara daga mafi ƙanƙanta, ka duba kowane kwanso kafin ka harba na gaba. Sakata ta yi nauyin ɗagawa, wani tabo mai ƙyalli ya fito a gindin kwanso, firaima ta baje har gefenta ya ɓace ko ta huje: ko ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, tsaya nan, ka warware sauran a gida. Sai dai waɗannan alamu sukan makara, wani lokaci ba sa bayyana sai an riga an wuce iyaka. Na'urar gudu ta fi su gaskiya. Idan gudunka ya kai wanda littafi ya rubuta a iyakarsa, ka kai iyakar matsi ke nan, ko da saura albarushi a lissafi. Ka tuna kuma littafi yakan yi gwaji da bututu mai inci 24. Naka idan ya fi gajarta, za ka rasa kamar ƙafa 20 zuwa 30 a kowane inci, kuma ba a cike wannan giɓi da ƙarin albarushi.

Zafi yana ƙara matsi. Ɗurin da ka haɗa a sanyin Nuwamba yana dab da iyaka zai iya wuce gona da iri a zafin Yuli, don haka bar ɗan sarari.

Idan ka sami adadin da gudunsa ya isa kuma babu alamar matsi, riƙe shi, ka koma wasa da tazara. Ɗura biyar-biyar a 0.050, 0.070, 0.090, 0.120, kana nisanta daga layuka. A jan ƙarfe, wannan ya fi sauya albarushi tasiri a kan yadda harbi ke taruwa. Bar bututu ya huce tsakanin harbi. Kada taruwar harbi uku ta ruɗe ka, sa'a kan yi haka. Wanda ya fi kyau, sake ɗura goma ka gwada a wata rana. Idan suna zama cikin inci ɗaya da rabi a yadi 100, ya ishi barewa, ka daina ƙona ƙwaya mai tsada.

Sanin iyakar nisanka

Ɗauki gudun da na'urarka ta nuna, ba wanda ke littafi ba, ka saka a manhajar lissafin tafiyar harsashi tare da lambar ratsa iska da kamfani ya ba ƙwayar. Duba nisan da gudu zai sauka zuwa ƙafa 2,000. A .308 mai giren 150 da ta fita da 2,800, wannan yakan faɗo wajen yadi 400. Idan ka zaɓi 2,200, ka dawo kusan yadi 300. Wannan ita ce iyakar ƙwayarka. Iyakar hannunka kuma daban, wadda ta fi gajarta a cikinsu ita za ka bi.

Yana da kyau ka ga buɗewar da idonka. Cika jarkokin roba na galan ɗaya da ruwa, bakwai ko takwas, ka jera su a layi a gaban tudun ƙasa, ka harba daga nisan da kake yawan farauta. Za ka tsinci ƙwayar a ɗaya daga na baya. Idan kan ya buɗe ya kai kusan ninki biyu na kaurinta, ka samu.

Sake saita madubin hangen da ke kan bindiga da wannan ɗuri, domin ba zai faɗa inda tsohon harsashinka ke faɗawa ba. Harbin farko daga bututu mai sanyi shi ne wanda barewa za ta gani, don haka shi za ka fi lura da inda yake sauka.

A daji

Jan ƙarfe kusan kullum yana fita ta ɗaya gefen da sauran ƙarfinsa. Kafin ka taɓa kunama, dubi abin da ke bayan dabbar: wata barewa, hanya, gida, ko dutsen da zai iya karkatar da ƙwaya. Idan babu tudu ko ƙasa a baya, kada ka harba.

Wurin saiti ma yana ɗan matsowa gaba. Da harsashin dalma mutane kan kauce wa kafaɗa don kada nama ya lalace. Jan ƙarfe ba ya watsewa, ɓarnarsa a nama kaɗan ce, kuma ƙashi yana taimaka masa buɗewa. Bi layin ƙafar gaba zuwa sama, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙirji daga ƙasa. Nan zuciya da manyan jijiyoyi da huhu suke. Barewar da aka harba a huhu kaɗai za ta iya gudun yadi hamsin ko ɗari kafin ta faɗi, wannan ba gazawar harsashi ba ce. Riƙe wurin da ta tsaya da inda ta ɓace a ido, ka dakata kamar minti ashirin, sannan ka bi jini, wanda ramin fita yakan zubar da shi sosai. Musulmi ya yi bisimilla lokacin harbi, idan ya tarar da ita da sauran rai ya yanka.

Kafin ranar fita, je filin harbi ka bi da kowane harsashin da za ka ɗauka ta cikin gidan harsasai zuwa mazauni, bakin bindiga yana kallon tudu, ka ware duk wanda ya yi tauri. Rubuta a jikin kwali irin ƙwaya da nauyinta, sunan albarushi da adadinsa, firaima, tsawo, gudu da kwanan wata. Ka zazzage aljihun rigar farauta da jaka, ka fitar da tsofaffin harsasan dalma, domin a Kalifoniya samun su a jikinka tare da bindigar da ke cin su lokacin farauta laifi ne ko da ba ka harba ba.